Amanar Ɓera a Ƙasar Turawa

A Ingila mutum yakan sa hannu a aljihu ya sayi ɓera da kuɗinsa, ya raɗa masa suna, ya saya masa ɗaki da kwanon cin abinci, in ya yi atishawa a garzaya da shi wurin likita. Hamsta ake ce wa wannan halitta. Masu shi ba sa son a haɗa shi da ɓera, amma duk wanda ya tashi a gida mai rumbu kallo ɗaya zai yi masa ya gane dangi: haƙoran nan biyu na gaba, gashin baki mai rawa, da idon marar gaskiya. Bambancinsa da namu, wutsiya ce babu sai ɗan guntu, ga jiki mulmul ruwan zuma, ga kumatu masu aljihu da yake cusa hatsi a ciki har kansa ya kusa ninkawa.

Naman Sallah ne ya jawo mini. Babbar Sallar 2022 ta faɗo ranar 9 ga Yuli, ina karatu a Lesta, na ɗebi kason maƙwabta na kai wa Baturiyar da ke gidan kusa da namu. Matar ta ga mutumin kirki ya samu. Ba a rufa mako ba sai ga ta a ƙofa da keji a hannu, 'yarta 'yar shekara takwas na biye da ita da jan ido. Za su tafi hutu Sikotilan, ko zan taimaka in riƙe musu hamstansu, Biskit? Ta miƙo mini takarda shafi biyu cike da dokoki, da jakar abinci, da wata jakar ta yashi wai na wankansa ne. Yarinyar kuma ta sa na yi mata alkawari zan riƙa gaishe shi kafin in kwanta.

Na kai kejin ɗakina a saman bene. Daren farko ban runtsa ba, domin Biskit da rana yake barci, da dare kuma ya hau wani ɗan gargare da ke cikin kejin ya yi ta gudu har asuba, bai je ko'ina ba. Kashegari Inna ta kira ni ta bidiyo daga Sakkwato.

"Mi ke motsi can bayanka?"

"Inna, amana ce aka ba ni."

Na juya mata wayar. Ta daɗe tana kallo.

"Amanar ɓera? Kai ɗan nan, digirin da ka ce za ka yo ke nan? Ba ku da mussa garin?"

A makon ne hukumar kula da yanayi ta Birtaniya ta fitar da jan gargaɗi saboda zafi, karo na farko a tarihinta, wai Litinin 18 da Talata 19 ga wata zafi zai iya kai digiri 40. Mafi tsananin da suka taɓa gani kafin nan shi ne 38.7, a Kambirij, a 2019. Ni da abokin zamana, wani Babarbare daga Maiduguri, muka yi dariya har da riƙe ciki. Arba'in? A garuruwanmu da watan Afrilu arba'in ai ranar hutu ce, ana azumi a cikin wanda ya fi haka, a je kasuwa a dawo. Babarbare ya ce shi kam ranar ma zai sa rigar sanyi don ya ba Turawa haushi. Da muka ga mutane na ta kwasar fanka a kantuna har ta ƙare, muka ce Allah ya ba su lafiya.

Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne gidan. Bature ya gina gidansa ne don ya kama zafi ya riƙe: kafet daga bango zuwa bango, taga mai gilashi ruɓi biyu wadda ba ta buɗuwa sai faɗin tafin hannu, rufi a cushe da abin hana ɗumi fita. Babu tsakar gida, babu zaure, babu inuwar darbejiya, babu fanka a sama, na'urar sanyaya ɗaki kuwa da wuya ka gan ta a gidan zama. Ga ranar Yuli da ba ta faɗuwa sai an wuce ƙarfe tara na dare, tana ta dukan bangon bulo tun asuba. Kafin la'asar ɗin Litinin ɗakina ya koma tanderun gurasa, ni ne gurasar. Labari ya zo cewa an dakatar da tashin jirage a filin jirgin sama na Luton don zafi ya ɓata titin saukarsu. Babarbare ya sauko daga ɗakinsa daga shi sai gajeren wando, bai ƙara maganar rigar sanyi ba.

Sai na leƙa kejin. Biskit ya fito daga ɗan ɗakinsa na roba da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya baje a kan garin katako rub da ciki, ƙafafu huɗu kowacce ta kama gabanta. Haƙarƙarinsa na ɗagawa da sauri-sauri, gashin haɓarsa ya jiƙe. Na taɓa shi da yatsa, ya buɗe ido ɗaya ya rufe. Nan take fuskar yarinyar nan ta faɗo mini a rai, sannan dokar kula da dabbobi ta 2006, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da dabba alhakin lafiyarta ko da riƙon wucin gadi ne. Na hango sunana a jarida, na hango masu biza suna karantawa.

Na yago kwalin taliya na hau yi masa fifita. Ni, jikan masu shanu, na durƙusa ina yi wa ɓera fifita, Babarbare na tsaye a kaina yana ɗaukar bidiyo.

"Ɗan Fulani, ka sa shi a firji minti biyar mana. In kuma ya cika, kantin dabbobi na nan a bakin titi, duk kamarsu ɗaya. Wa zai gane?"

"Yarinyar za ta gane."

"To ka yi masa wanka."

Na duba takarda. Doka ta huɗu, da manyan baƙaƙe, an ja mata layi biyu: kada a taɓa sa shi a ruwa.

A ƙasan takardar akwai lambar likitan dabbobi. Matar da ta ɗauka ta tambayi sunan majinyaci da shekarunsa, da muryar da ba wasa a cikinta. Ta yi mini bayani a gurguje, da alama ba ni ne na farko da ya kira ranar ba. Hamsta ba ya gumi, don haka fifitar da nake yi ni take wa amfani, shi iska mai zafi kawai nake kora masa. Jikinsa ya fi son daga digiri 18 zuwa 24, in an doshi 30 yana cikin haɗari. Firji kuwa kashe shi zai yi, domin sanyin farat ɗaya ya fi ƙarfin ɗan jikinsa, kuma ko sanyin hunturu ne in ya yi yawa yakan sandare har a ɗauka ya mutu. Ta ce in sauko da kejin ɗaki mafi sanyi a ƙasa, in ja labule, in cire ɗakin roba da bututun da yake bi, in sa masa wani abu na tangaran da zai kwanta a kai, in canza masa ruwa, in ba shi ɗan yankin kokwamba ƙarami, don in ya yi yawa zai sa shi zawo. Sannan in naɗe gorar ruwa mai ƙanƙara da tawul in jingina a jikin kejin ta waje. In bai farfaɗo ba, in kawo shi maza.

Kafin ta ajiye na ce mata, ni fa na ji an ce asalin dabbar nan daga Siriya take, ƙasar zafi, ina ita ina suma don rana? Ta ce ƙwarai, amma a can ba a saman bene take kwana ba. Daga baya na bi diddigi. A 1930 wani masanin dabbobi mai suna Israel Aharoni ya sa aka haƙa rami a wata gonar alkama kusa da Aleppo, aka yi zurfin da ya wuce tsawon mutum kafin a iske uwa da 'ya'yanta, kuma yawancin irin Biskit da ke cikin kejuna a duniya daga wannan zuriya suka fito. Kakanninsa ba jure rana suke yi ba, guje mata suke yi. Su shige ƙarƙashin ƙasa su rufe ƙofa, sai gari ya yi sanyi su fito kiwo.

Muka sauko da keji falo. Tangaran ɗin da na samu shi ne kofin shayina, na kwantar da shi a gefe. Gorar ƙanƙara ce babu, domin mutanen da suka raina zafin Ingila ba su tanadi ko ɗaya ba, kuma babu inda za a sa ta ma, firizar cike take da naman layya. Muka dubi juna. Na zaro cinyar rago guda, daskararriya, na naɗe ta da leda da tawul na jingina a jikin keji, na kewaye sauran ɓangarorin da ƙullin haƙarƙari. Babarbare ya ce tunda yake bai taɓa ganin ɓeran da aka yi wa katanga da naman Sallah ba.

Abin mamaki, ya yi aiki. Can wajen magariba Biskit ya ja jiki ya lashi ruwa, ya riƙe kokwamba da hannu biyu ya ɗan gaigaya, sannan ya shige cikin kofin ya dunƙule. Abin da ake gani kawai tafin ƙafarsa na baya, ja-ja, mai 'yan yatsu ƙanana, a manne da bakin kofin.

Ganin nasara sai kaina ya kumbura, na ce bari in nuna wa Turawa fasahar gida. Na tuna Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwa na tsatsowa yana bushewa yana tafiya da zafin, tumatir da yalo su daɗe ba su lalace ba. Na samo tukwanen shuka furanni biyu na yumɓu a bayan gida, na toshe hujinsu, na juye yashin wankan Biskit a tsakani, na zuba ruwa. Cikinta ya yi sanyi kuwa. Na ɗauko mai gida na sa a ciki. Ya shinshina, ya yi fitsari, ya haura ya koma kofinsa. Tukunyar mu muka gaje ta, bayan an wanke, muka riƙa sa ruwan sha.

Daren nan shi ne mafi zafi da aka taɓa aunawa a ƙasar. Da gari ya waye katangar Biskit ta narke sharkaf, jini ya ɓata tawul, nama kuma ba ya komawa firiza. Ga gorunan ruwan da muka sa a gurbin naman sun daskare sun karɓi aiki, amma rabin rago na kallonmu. Haka aka yi, ranar Talata, ranar da ma'auni ya nuna 40.3 a Coningsby, zafin da Birtaniya ba ta taɓa gani ba, ranar da aka soke jiragen ƙasa saboda tsoron lanƙwashewar dogo, ake roƙon jama'a kada su kunna ko gawayin gashi, mu muna kicin da tukunya biyu a wuta muna suya. Gumi na shiga ido, mai na fallatsa, Babarbare na juya nama yana tsine wa duk wanda ya fara kiwon ɓera.

Sai ƙararrawar gobara ta ɗauka. Wanda bai taɓa jin ƙarar abin nan a rufaffen gida ba, ya gode wa Allah. Na hau kujera ina kaɗa mata tawul, Babarbare ya wangale ƙofofi, wani tsoho daga tsallaken titi ya fito yana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana, waɗanda a ranar suna can suna fama da gobarar gaske, har unguwa guda ta ci wuta a Wennington, gabashin Landan. Da ƙyar muka lallashe shi da tsoka biyu a faranti.

Da na koma falo, ƙofar keji a buɗe, kofi babu kowa.

Mun ɗaga kujeru, mun zazzage takalma, mun ja firji, mun leƙa bayan injin wanki. Na zuba 'ya'yan sunfulawa a kowace kusurwa ina kiran "Biskit, Biskit" da irin muryar da ban taɓa yi wa ɗan adam ba. Babarbare ya sake tuna mini da kantin bakin titi, har ya duba a waya ƙarfe nawa suke rufewa.

A ƙarƙashin matakalar bene akwai wani ɗan lungu mai ƙofa inda ake ajiye tsintsiya da mitar wuta. Da na buɗe, sanyi ne ya fara dukan fuskata. Babu taga, babu kafet, daɓen siminti ne tsirara. Can a ƙurya ga Biskit ya yi ɗaiɗai yana barci, kumatu cike da 'ya'yan sunfulawan da na zuba, a kan shimfiɗar da ya yi da hular Sallata, wadda na rataya a falo ban san yadda ta faɗo ba. Ya warware zaren gefe guda tas. Na zare hular don kada zaren ya naɗe masa ƙafa, na kawo kejin nan na mayar da shi. Sannan muka kwashe tsintsiya da bokiti muka fitar. Lungun ba ya ɗaukar mutum biyu, don haka muka yi karɓa-karɓa, kowa rabin sa'a, kai da kafaɗa a ciki, ƙafafu a waje, har rana ta faɗi.

Laraba gari ya sauya, zafi ya karye. Da masu Biskit suka dawo, yarinyar ta ɗaga shi ta jujjuya, ta ce ya yi ƙiba kuma yana warin suya. Uwar ta rungume takardarta, ta ce ba ta taɓa ganin mai riƙon amana irina ba, za ta gaya wa kowa a layin.

Ta kuwa cika alkawari. Ranar Asabar wani mutum mai zane a damtse ya buga mana ƙofa, ya ce za su tafi Sifen a watan Agusta, ɗansa na da maciji, ba ya cizo sosai, abincinsa kuma ba wahala, daskararrun ɓeraye ne, sai dai mu ɗan ba su wuri a firiza. Na ce masa ina da jarrabawa har ƙarshen shekara, amma abokin zamana yana sama, bari in kira masa shi.