Wasiƙa Daga Coventry Zuwa Ga Taubashi

Zuwa ga Taubashi, a Zariya,

Tare da fatan Inna da sauran mutanen gida suna cikin ƙoshin lafiya, mai wannan wasiƙa yana sanar da taubashinsa cewa karatun Turancin da yake zuwa da yamma ya kai babin kalmomin shariya, wato yin biris da mutum ko da maganarsa, kuma babu kalmar da ya haddace a babin face ta tuna masa da taubashin.

Uwar kalmomin ita ce "ignore", wadda malamai ke gargaɗin kada a gwama ta da "ignorant", ma'ana jahili, ko da yake tushensu ɗaya ne a harshen Latin, domin jahili bai sani ba ne, shi kuwa mai shariya ya sani sarai ya kau da kai. Taubashi dai ba jahili ba ne, tun da shuɗɗan alamu biyu na WhatsApp suna shaida cewa yana karanta kowane saƙo.

Sai "turn a blind eye", wato duban abu da makahon ido, wanda ake dangantawa da Horatio Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya mai ido ɗaya, da aka ce a yaƙin Copenhagen na 1801 an ɗaga masa tutar janyewa, sai ya kara madubin hangen nesa a mataccen idon, ya ce shi bai ga komai ba. Nelson yana da uzurin rauni, kuma ya ci yaƙin, alhali idanun taubashi biyu garau suke.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne "send to Coventry", wato jama'a su haɗa baki su yi gaba da mutum, kamar yadda ake cewa mutanen wannan birni sun yi wa fursunonin ɓangaren sarki a yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640. Neman abinci ne ya kawo mai wasiƙar Coventry, amma shirun gida yana neman turo shi karo na biyu. Samari kuma suna da "ghosting", daga sunan fatalwa, wato mutum ya ɓace bat babu sallama, sai dai fatalwar Zariya takan bayyana duk ƙarshen wata da tambayar farashin fam.

Wasa tsakanin taubasai gado ne, amma kewar gida gaskiya ce, musamman a Disamba da duhu ke rufe gari tun ƙarfe huɗu na yamma. Saboda haka ana roƙon taubashi, don zumunci, ya aiko da amsa kafin Juma'a, da labarin ƙafar Inna da na amfanin gona, ko da saƙon murya ne.

Wassalam,
Taubashinsa na Coventry.