Ɗamara Ɗaya Har Gari Ya Ƙare

Mu Gobirawa, a kan awo ba a yi mana wayo. Je kasuwar Sabon Birni ka ga dattijo yana sayen gero: sai ya kife tiya ya duba gindinta, ko an bubbuge. Amma a shiga kemis awon jini, sai mu miƙa hannu kamar amarya gaban mai lalle. Ɗamara ɗaya ce tal a shagon. Ita za a ɗaura wa mahaucin da damtsensa ya kusa turmi, a kwance ta a naɗa wa Inna, wadda nata bai fi taɓarya ba.

Kwanaki a Isa na ga wani Alhaji, jiki masha Allah, ya tattare hannun riga ya cusa har hammata. Yaron kemis na jan ɗamarar tana ɓallewa, ƙarshe ya dafe bakinta da yatsa har na'ura ta gama hurawa.

"Alhaji, ya hau fa. Ya wuce 150."

"To mi zai hana shi hawa, yaro, da wannan zullumin hanya?"

Kowa ya gyaɗa kai. Zullumin gaskiya ne, amma ba wanda ya tuhumi ɗamarar. Alhali idan ta yi wa damtse kaɗan, sai an ƙara mata iska kafin ta danne jijiya, lamba ta yi sama. A binciken jami'ar Johns Hopkins ta Amurka na 2023, kan mutum 195, masu damtsen da ke buƙatar ɗamara mafi girma da aka auna su da ta gama-gari, lambar sama ta ƙaru da kusan 20. Kenan mai 130 a sallame shi da 150 da ƙullin ƙwayoyi, uwargida ta janye gishiri, a hana shi kilishi.

Ta Inna ta fi ban tsoro. Ɗamara ta yi mata yawa, lamba ta ɗan sauka, mai jini a bakin 140 a ce ta tafi lafiya lau.

Ɗamarar da ke zuwa da na'urorin gida da yawa ta damtse mai kewayen santimita 22 zuwa 32 ce, kuma a rubuce yake a jikinta, mu ne ba mu dubawa. Alhaji, tela ya san faɗin kafaɗarka. Ara tef ɗinsa ka zagaye tsakiyar damtse, in ya haura 32 ka ce a nemo babba.