Katanga, Akuya da Shirun Lauya: Nazarin Wata Shari'ar da Ba ta Kai Kotu Ba

A gundumomin Magarya da Dungas, waɗanda ke kudancin jihar Damagaram a bakin iyakar Nijar da Najeriya, akasarin gidaje da tubalin ƙasa ake gina su, kuma kowane magidanci ya san cewa katangar da ba a yi wa yaɓe da rani ba ita ce za ta nemi wurin kwanciya da damina. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ɓangaren da katangar ta zaɓa ta kwanta yana da hukunci a rubuce. Kundin dokar zamantakewa da Nijar ta gada daga Faransa lokacin samun mulkin kai a 1960, wanda asalinsa ke komawa 1804 zamanin Napoliyon, ya tanadi a sashe na 1386 cewa mai gini ne ke ɗaukar alhakin ɓarnar da rushewar gininsa ta jawo, muddin rushewar ta samo asali daga rashin kula ko daga aibin gini. Daminar 2024 ta ba wannan sashe aiki mai yawa, domin ruwan da ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram a farkon watan Satumba, ginin da ya tsaya tun ƙarni na 19, bai ga dalilin ƙyale katangun talakawa ba.

Misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne na wasu maƙwabta biyu a wani gari tsakanin Magarya da Dungas, waɗanda za a kira su mai katanga da mai akuya domin sutura. A wani dare na watan Agusta katangar da ta raba gidajensu ta duba gabas ta duba yamma, sannan ta kwanta a gidan maƙwabci, inda ta danne akuya mai ciki, ta fasa randa, ta kuma raba turmi gida biyu. Mai akuya ya nemi diyya bisa hujjar cewa katangar ba ta ga yaɓe ba tun rasuwar mahaifin mai ita. Shi kuwa mai katanga ya kafa hujja da indararon maƙwabcin nasa, wato magudanar da ke zubo ruwa daga soro, wanda ya daɗe yana tsiyaya a gindin katangar. Mai unguwa ya kira su sulhu kamar yadda aka saba, kuma da an bi ta nan da maganar ta mutu kafin girbin gero. Sai dai mai katanga yana da ɗan ƙanwa mai karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wanda ya buɗo sashe na 1386 a wayarsa, ya fassara wa kawunsa shi da murya irin ta mai sanar da rasuwa, ya ƙare da cewa, "Kawu, wannan magana ta fi ƙarfin mai unguwa, sai lauya."

Domin fahimtar abin da ya biyo baya, wajibi ne a san yadda lauyoyi suka rarrabu a ƙasar. Nijar tana da ƙungiyar lauyoyi guda ɗaya mai mazauni a Yamai, kuma a can ne mafi yawan mambobinta suke da ofisoshi, alhali tsakanin Yamai da Damagaram akwai tafiyar kusan kilomita 900, daga Damagaram zuwa Magarya kuma kusan wasu 100. Lauya kan leƙo Damagaram idan yana da shari'a a babbar kotun birnin ko a kotun ɗaukaka ƙara, ya gama abin da ya kawo shi, ya koma. A irin wannan leƙowa ce mai katanga ya sadu da nasa lauyan, wanda ake kira Metur, laƙabin girmamawa da ake yi wa lauyoyi a ƙasashen rainon Faransa. Metur ya saurare shi da natsuwa, ya girgiza kai a wuraren da suka dace, ya ce batun indararo hujja ce mai ƙarfi, sannan ya nemi kuɗin buɗe dosiye, wato tarin takardun shari'a. Mai katanga ya kai sansa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya sayar da naira, ya canza zuwa sefa da asarar da masu canji suka ga dama, ya tura ta kamfanin aika kuɗi na Nita. Kuɗin sun isa cikin minti kaɗan, kuma wannan ne abu na ƙarshe da ya yi sauri a duk tarihin shari'ar. Ya kuma miƙa asalin takardar shaidar mallakar gidansa ba tare da ya riƙe kwafi ba, domin a ganinsa neman kwafi ko rasit daga babban mutum rashin kunya ne.

Daga nan Metur ya yi shiru, kuma ana iya kasa shirun lauya gida huɗu. Na farko shi ne shirun ƙararrawa, inda waya ke shiga har ta gaji ta katse, kuma a wannan mataki mai ƙara kan ba lauyansa uzuri da kansa, yana cewa babban mutum ba ya rasa hidima. Na biyu shi ne shirun sakatariya, wanda ya fi na farko ladabi saboda ana amsawa, sai dai amsar ba ta wuce uku: Metur yana kotu, Metur ya yi tafiya, ko Metur ya fita yanzun nan. Na uku shi ne shirun hutu, domin kotuna na da dogon hutu a kowace shekara da kan faɗo da damina, watau daidai lokacin da katangu ke faɗuwa, kuma wasu ofisoshin kan fara jin ƙanshinsa tun kafin ya zo, su ci gaba da jin gajiyarsa bayan ya wuce. Na huɗu, wanda ya fi sauran ciwo, shi ne shirun WhatsApp, inda alamomi biyu ke rikiɗa su yi shuɗi, shaidar cewa an ga saƙo, amma amsa ba ta biyo baya.

A wannan mataki na huɗu ne yanayin wurin ya shigo cikin maganar. A garuruwan bakin iyaka layin waya yakan yi ƙaura, wani lokaci na Nijar ya ɓace na Najeriya ya kama, kuma mai katanga ya gano cewa a duk gidansa babu inda layi ke tsayawa sai a kan tsibin ƙasar katangar da ta faɗi. Saboda haka kullum bayan magariba sai ya tattare babbar riga, ya hau tsibin, ya ɗaga waya sama, ya danna maɓallin saƙon murya, ya fara: "Salamu alaikum Metur, an wuni lafiya, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, ya aka ji da jama'a." Kafin ya kai ga batun katanga yatsansa ya gaji ya saki, saƙon ya tafi da gaisuwa zalla, sai ya sake danna wani, wanda tarbiyya ba ta bari a fara shi ba tare da gaisuwa ba. Tun da babu katanga, mai akuya yana zaune a tabarmarsa taku kaɗan daga wurin, yana jin duk dabarun da ake shirin kayar da shi da su, kuma idan mai katanga ya sauko yakan tambaye shi cikin tausayawa, "Malam, Metur ya ɗauka kuwa?" Shi ma mai akuya ya sanar cewa ya ɗauki nasa lauyan a Yamai, kuma bayan sallar isha yakan kara waya a kunne ya ɗaga murya yana cewa, "To Metur, madalla Metur, sai ka zo." Wannan ya fi komai ƙona wa mai katanga rai, ganin cewa lauyan abokin shari'arsa har hira yake yi.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan bangon ya tafi gaba ɗaya, don haka abin da ya shiga ya fi ƙadangare. Awakin mai katanga suka tsallaka suka cinye gyaɗar da maƙwabci ya shanya, abin da ya jawo sashe na 1385 na kundin nan, wanda ya ɗora wa mai dabba alhakin ɓarnar dabbarsa. Jakin mai akuya kuma ya rama a kan harawar mai katanga, sashen ya juyo ta ɗaya ɓangaren. Kaji suka gauraya har aka rasa sanin mai ƙwai. A gefe guda diyyar akuyar ta riƙa haihuwa, domin mai ita ya tuna cewa marigayiyar tagwaye take haifa, ya lissafa cewa da tana raye da ƴaƴanta sun kusa haihuwa su ma, saboda haka kowane watan da Metur ya yi shiru sai garken da ba a taɓa gani ba ya ƙaru. Matan gidajen biyu kaɗai suka amfana, domin aron gishiri da miƙa kwanon tuwo sun daina buƙatar zagayawa ta ƙofar gida, kuma ba su nuna wata gaggawa a kan a sake gini ba.

Da abin ya ishi mai katanga, ya tuna cewa zuwa da kai ya fi aike, sai ya sayar da buhunan riɗi, ya hau mota zuwa Damagaram, daga nan ya kama babbar hanya mai lamba ɗaya da bas, ta Tasawa da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Ya isa Yamai ƙafafu a kumbure, ya kwana a tasha, da safe ya nemo ofishin, ya zauna a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki har haƙoransa suka fara haɗuwa. Sakatariya ta karɓe shi da fara'a, ta ba shi ruwa, ta ce, "Ayya Baba, ai Metur jiya ya tafi Damagaram, yana da zama a kotun ɗaukaka ƙara." Ta nemi dosiyen domin ta kwantar masa da hankali, ta dawo da wata ƴar jakar takarda wadda babu komai a cikinta sai takardar gidansa da wani ɗan rubutu a gefe, wanda da aka fassara masa ya ƙunshi kalmomi biyu: katanga, akuya. Ya roƙi a ba shi takardarsa, aka ce sai da izinin Metur. Ya juyo da sauri domin ya cim masa a Damagaram, ya tarar an ɗage zaman, Metur ya koma.

Doka ba ta bar irin wannan mutum ba mafita. Shugaban ƙungiyar lauyoyi yana karɓar koke a kan lauyan da ya yi sakaci da aikinsa ko aka samu saɓani da shi a kan kuɗi, kuma mai ƙara na da ikon sallamar lauyansa ya karɓi takardunsa. Akwai kuma hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 domin wayar da kan marasa ƙarfi da taimaka musu. Sai dai koke yana son rubutu da hujja, kuma duk da cewa kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardun shari'a da Faransanci suke tafiya, ɗan ƙanwar da zai rubuta kuwa ya shiga jarrabawa, shi ma ya daina ɗaukar waya. Abin da ya fi ba mai katanga mamaki shi ne bayanin da wani tsohon ma'aikacin kotu ya yi masa a rumfar mai shayi, cewa a ƙaramar shari'a irin wannan mutum na iya tsayawa gaban alƙalin Magarya da bakinsa ba tare da lauya ba, kuma dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna ikon sasanta mutane a al'amuran zamantakewa da na filaye, a rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu.

Da hadarin sabuwar damina ya fara haɗuwa, ɓangarorin biyu suka lura cewa ruwa ba zai jira Yamai ba, sai suka tafi fada. Sarki ya saurare su, ya tambayi mai akuya ko ya taɓa ganin jikokin akuyar da yake lissafawa, ya amsa, "Ranka ya daɗe, ban gan su ba, amma na san zuriyar." Fadawa suka yi dariya, garken ya koma akuya ɗaya. Aka sasanta a kan cewa mai katanga zai biya akuya da randa, mai akuya zai juya indararonsa ya kuma yafe turmi, gyaɗa ta tafi a bakin harawa, tubali kuwa kowa ya buga rabi. Zaman bai kai tsawon lokacin da ke tsakanin azahar da la'asar ba.

Bayan an gama gini an yi yaɓe, wayar mai katanga ta yi ƙara da lambar Yamai. Metur ne da kansa, ya yi gaisuwa mai kyau, ya ba da haƙuri saboda yawan aiki, ya ce yanzu ya samu sukunin duba dosiye, kuma zai buƙaci kuɗin mota da na masauki domin ya zo, amma kafin nan yana son a tuna masa abu ɗaya: "Alhaji, kai ne mai katangar ko kai ne mai akuyar?" A yammacin ranar, da mai katanga ya ba maƙwabcinsa labari, shi ma ya fito da nasa sirrin, cewa bai taɓa ɗaukar lauya ba, kuma duk hirar nan ta bayan isha da wayar da babu kuɗi a cikinta yake yi.

Idan aka auna ayyukan lauyoyin biyu da ma'auni ɗaya, za a ga cewa kowannensu ya tsorata abokin shari'a na ɗan lokaci, babu wanda ya rubuta wasiƙa, babu wanda ya taka Magarya, kuma babu wanda ya halarci zaman sulhu. Bambancin da nazarin ya iya tabbatarwa tsakanin lauyan da babu shi da lauyan da ba ya amsa waya bai wuce sa guda, da buhunan riɗi, da takardar gida wadda har yanzu tana Yamai tana jiran izini ba.