Masu Zaman Makokin Ƙaramin Jirgi

Duk wanda yake son sanin ɗabi'un 'yan Adam ba tare da ya sha wahalar littattafan hukama'u ba, to ya je wani fili a Malali ta Kaduna da la'asar sakaliya, cikin hunturu, ya dakata har iska ta fyaɗa ɗan jirgin wasan nan mai rimot da ƙasa. Domin kuwa kafin ƙura ta lafa, jama'ar da ba ta ko ɗaga kai ba sa'ad da yake shawagi za ta kewaye gawarsa, kowa da irin baiwar da Allah Ya hore masa.

Na farkon isowa shi ne mai ta'aziyya, wanda zai riƙe haɓa yana salati, ya ce, "Sai haƙuri, Alhaji, kwanansa ne ya ƙare," sa'an nan ya sassauta murya ya tambayi nawa aka saye shi, don ya san gwargwadon baƙin cikin da ya wajaba a kansa.

Bayansa sai Na-faɗa, wanda bai faɗa wa kowa komai ba, amma ya rantse tun tashin jirgin ya ji ƙarar farfelar ba ta yi masa ba.

Na uku shi ne muftin jirage, wanda hujjarsa kaɗai ita ce ya yi shekara goma yana haya a Mando, kusa da sansanin sojojin sama, jirage suna wucewa ta saman kwanonsa. Shi zai ba da fatawa cewa laifin wutsiya ne, ya kafa dalili da Abbas ɗan Firnas na Andalus, wanda ya ɗaura fukafukai a ƙarni na 9, ya tashi lafiya, ya sauka da ciwon baya saboda rashinta. Kuma ko kusa muftin bai lura wutsiyar jirgin ce kaɗai ta tsira ba.

Mafi haɗari duka shi ne gwanin Panteka, wanda a mazhabarsa babu karayar da walda ba ta ɗorawa. In ka ba shi, zai dawo maka da jirgi ƙaƙƙarfa, wanda ba zai sake faɗuwa ba har abada, tunda ba zai sake tashi ba.

Akwai kuma 'yan kai labari, waɗanda kafin magariba sun isar da shi Kawo, ya zama jirgin gaske har da fasinjoji. Ashe da hikima sojojin sama suka raɗa wa jiragensu marasa matuƙi suna Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, a nan Kaduna.

Shi kuwa mai jirgin, bawan Allah, ya fara cire batir don kada ya kama da wuta, ya tsince ɓaraguzan kaf, ya tsoma soson jikin jirgin da ya lotse cikin ruwan zafi har ya kumburo, ya yi wa fiffike ɗori da tsinken tsire da gam, ya ɗora shi bisa yatsu biyu ya ga hanci bai rinjayi wutsiya ba. Ranar da zai sake tashinsa duk za su hallara, mai ta'aziyya a sahun gaba, ya riga ya riƙe haɓa.