Lissafin Dokin Rano a Rijiyar Zaki

Da na yi ritaya aka biya ni giratuti, sai na fara yi wa gidanmu na gado da ke Rijiyar Zaki kallon ɗan kasuwa. Unguwar tana kan titin Gwarzo, dab da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, kullum ɗalibai da 'yan bautar ƙasa da ƙananan ma'aikata suna sintirin neman makwanci. A Kano an saba ba da ɗaki wayam, a karɓi kuɗin shekara a dunƙule, kowa ya shigo da tabarmarsa. Ni kuwa na ce wannan tsohon yayi ne. Zan zuba wa kowane ɗaki katifa da fanka da kujera da ƙaramin firji, in ba da su ɗai-ɗai, a riƙa biya wata-wata. Na buga lissafi a bayan kalanda, na hango uwargida a jirgin Makka. Ta leƙa takardar, ta ce, "Alhaji, Allah dai Ya sa albarka." Yadda ta ja "dai" ɗin nan har yau yana cikin kunnena.

Dillali ya cika mini ɗakunan nan da nan. Da na yi zancen rubuta yarjejeniya sai ya ce ai duk 'ya'yan mutunci ne, rubutu zai sa su ga kamar ana zarginsu. Ya karɓi la'adarsa, ya hau babur.

Daga nan na daina buƙatar rediyo, domin duk abin da ya faru a ƙasa a bakin 'yan hayata nake ji. Farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, suka ce kuɗi na banki, tsaba ce ta gagara. Da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu, kuɗin mota ya cinye albashi. A 2024 da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, suka ce in yi haƙuri a fara biya. Duk gaskiya suke faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Gwarzonsu shi ne na ɗakin ƙarshe. Ban taɓa ganin yaro mai ladabi irinsa ba. In na ɗaure fuska na doshi ƙofarsa, kafin in yi sallama ya zube ƙasa: "Baba, barka da zuwa. Yaya su Hajiya? Yaya ƙafar taka?" Ya zaunar da ni a kujerata, ya kunna mini fankata, ya buɗe firjina ya ɗauko ruwa mai sanyin da katin wutata ya sanyaya. Sai ya nuna mini hoton tiransifa a wayarsa, ya ce kuɗi sun fita tun jiya, netwok ne ya riƙe su. In tashi ina cewa, "Na gode, Allah Ya yi albarka." Wata rana ma da ya ce zai je banki ya bi sawun kuɗin, ni na ba shi na adaidaita.

Abin da ban hango ba a hayar ɗai-ɗai shi ne rashin biya yaɗuwa yake yi. Mita ɗaya ce, banɗaki ɗaya, tsakar gida ɗaya. Masu biya suna kallon wanda ba ya biya yana shan iska yana ƙiba, sai suka fara tambayar kansu laifin me suka yi. Na ƙi sa kati don in hora shi, duhu ya rufe gidan baki ɗaya, mutum ɗayan da bai taɓa saɓa wata ba ya kwashe kayansa ya bar ni da ragowar.

A majalisarmu ta bayan la'asar aka ba ni shawarar cire wa na ɗakin ƙarshe ƙyaure. Na kira kafinta, ya kwance shi, muka kai zaure. Yaron ya dawo, ya dubi ƙofa, ya ce, "Baba, ba komai." Ya ɗauki kwamfutarsa da buroshi ya tafi kwana wajen abokinsa. Sai a lokacin na lura duk abin da ya rage a ɗakin da ɓarawo zai so nawa ne. Haka na jawo benci da tocila, cikin hunturu, na kwana ina gadin ɗakin wanda nake bi bashi.

Washegari mai unguwa ya aiko kirana, wai an kawo ƙarata. Na tafi da ɗan ƙanwata lauya don ya tsorata yaron, sai ya ja ni gefe ya tsorata ni. "Kawu, mai biya wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi a rubuce, mai biyan shekara wata shida. In ya cika a ƙara masa takardar kwana 7, sannan a je kotu. Kotu ce kaɗai take fitar da ɗan haya. Cire ƙyaure da yanke wuta, shi zai iya neman diyya a kanka. Ina takardar jerin kayan da ya sa wa hannu?" Na ce babu. Ya ce to ko firjin ya ce nasa ne sai na nemo rasit.

Aka yi sulhu. Na yafe bashi, na biya kafinta ya mayar da ƙyaure, na biya motar ɗaukar kaya. Bayan ya tafi na tarar katifata mai tudu ta rikiɗa ta koma wata falle wadda in ka kwanta kana jin sanyin siminti. Mai unguwa ya ce in bar wa Allah.

Yanzu ba mai karɓar makulli sai ya sa hannu a yarjejeniya da jerin kaya, ya ajiye kuɗin ɓarna, ya kawo wanda zai tsaya masa. Karɓar kuɗi kuwa na miƙa wa uwargida, wadda ba a taɓa ba ta ruwan sanyi ta manta abin da ya kawo ta ba.

Kwanan baya wani saurayi ya yi sallama, ya zube ƙasa. Ƙanen na ɗakin ƙarshe ne, ya samu gurbi a jami'a. "Baba, Yaya ya ce in zo wajenka, duk Kano babu mai gida mai haƙuri irinka." Na buɗe baki in kore shi, sai na ji ina tambayarsa ko ya ci abinci.