Yaya, Ajiye Taswirar Nan Ka Shiga Bas

Alhilla Kuku, Khartum Bahri
12 ga Janairu, 2020

Zuwa ga Yayana abin alfahari,

Saƙonka ya iso, har da lissafin da ka zauna a Katsina ka buga da zare a kan taswira: wai in ka gaida Gwaggo a Kassala da hantsi, sai ka hau jirgi ka yi azahar a wajen ɗaurin aure a Damazin. Matar gida ta yi dariya har kisra ta ƙone mata.

Zarenka bai yi ƙarya ba. Tsakanin filayen jirgin biyu kusan kilomita 460 ne, tafiyar awa guda ko sama da haka kaɗan a jirgi mai farfela. Sai dai kishiyoyi ne da ba sa ga-maciji, kowacce Khartum take wa kwalliya. Babu jirgin haya da ke haɗa su kai tsaye. Dole ka juyo yamma, kilomita 400 da ɗoriya, ka sauka Khartum, sannan ka nufi kudu, wasu 460. Ga shi jirgin Damazin ba kullum yake tashi ba. In na Kassala ya sauke ka yau, na Damazin sai ran da Allah ya nufa, kai kuma kana gidana kana cinye mini ful. Ka ƙara da cunkoson gadar Kobar, inda mai raksha da mai Land Cruiser ke zama abu ɗaya. In da bazara ce, guguwar habub na iya turnuƙe sama ta yi jawur, matuƙi ya koma shan shayi.

Kada ka ce Sudan ce kawai. Daga filin jirgin Katsina na Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa na Sultan Abubakar III a Sakkwato ko kilomita 300 ba a kai ba, amma gwada neman tikiti ka ji ko ba Abuja za a fara aika ka ba.

Shawarata, ka sha gahawar jabana mai citta a gindin dutsen Totil a Kassala, ka kwana, ka yi asubanci a tasha. Bas zai bi da kai Gadarif, Wad Madani, Sinnar da Sinja, wajen kilomita 800 ke nan, yini guda cur, bayanka zai gaya maka sunansa. Amma da ka wuce Sinnar kaɗan za ka ga Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mutanen nan a ƙasa suka tako daga gida har bakin Nilu, kai kuma kujera mai soso kake wa ƙorafi! Ka sauka ka ci agashe, tsiren namu ne ya yi baƙunta, ka ji Hausa zalla a bakin yara.

Ka gaida Inna da su Hajiya, da Baba Liman. Don Allah ka taho mini da daddawa da kuka da kilishi, kuma ka iso kwana uku kafin biki, don ango ba zai jira jirgi ba.

Wassalam.

Ƙanenka,
Sani