Wasiƙa zuwa ga Tashar Jiragen Ruwa ta Kwatano

Ranki ya daɗe,

Daga Agye ta Nijar nake rubuto miki, da yawun ƴan kasuwar Gazawa da na Gidan Rumji. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma ke kike yanka mana kuɗin tiyar shinkafa.

Tun da aka buɗe ki a 1965 muke zawarcinki daga nisan fiye da kilomita 1,000. Dogon da ya taso daga ƙofarki ya zauna hutawa a Paraku, har yau bai miƙe ba. Muka haƙura da kamyo.

Mun ji masana na raba teku a takarda: nan hanyar manyan jirage, nan wurin masunta, nan bakin bututu. Madalla. Ko a gefen takardar an tuna da manomin aya na Gazawa, mai jiran takin da ke saukowa ta hannunki?

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ga takunkumin CEDEAO, gadar Gaya da Malanbil ta rufe. Na san za ki ce ba ke kika gindaya kwantena a kan gada ba, kuma Binin ta buɗe nata gefen, namu ne a rufe. Gaskiya ne, Hajiya. Amma wa za mu kai wa kuka? Kaya suka koma Lome, suna bi ta Kaya da Dori da Tera da rakiyar soja. Wanda ya matsu ya sauke a bakin kogi: buhu daga kamyo zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa kwalekwale, kowace kafaɗa da kuɗinta. Uwar gida a Gidan Rumji ita ke biya.

Abin da ya fi ci mana rai, a Mayun 2024 jirgi ya sha ɗanyen man Agadem a maƙwabciyarki Seme, ta bututu mai kusan kilomita 2,000. Mai ya sami hanyar fita, shinkafa ta rasa ta shigowa!

Ana shimfiɗo dogo daga Kano zuwa Maraɗi, tun 2021 aka aza harsashinsa. In ya iso, Legas za ta zama kishiyarki. Kada ki ce ba a gaya miki ba.

Naki mai jiran amsa, in kina da kunne,
Wani ɗan kasuwa, Agye